Kafin mai mota ya ƙara kuɗin lauya a inshorarsa, ya fara duba takardar da ke hannunsa

Duk ranar Talata, hanyar Gusau zuwa Sakkwato takan cushe a daidai Talata Mafara. Motocin Bakura da na Maradun suna shigowa kasuwa da shinkafa da albasa da dabbobi, 'yan kabu-kabu suna kutsawa tsakaninsu, manyan motoci kuma ba sa rage gudu sai dole. A irin wannan cinkoso ba a rasa gugar mota ko karo. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 da 'yan sanda suka fara tilasta dokar inshorar ababen hawa a faɗin ƙasa, direbobi da dama sun nemi takarda sun ajiye a mota. Abin da bai fito fili ba shi ne, idan haɗari ya kai ga kotu, wa zai biya lauya? Kuma ya dace mai mota ya ƙara wani kuɗi a kan inshorarsa domin wannan?

A Ingila wannan ƙari abu ne sananne. Mai mota yakan ɗora kimanin fam 20 zuwa 30 a shekara, kamfani kuma ya ɗauki nauyin lauya, galibi har zuwa fam 100,000, domin ƙwato masa asarar da inshorarsa ba ta biya ba daga wanda ya buge shi. Ko a can ma akwai sharaɗi: sai lauyoyin kamfanin sun ga alamar nasara ta rinjaya kafin su shiga shari'ar. Tsarin yana aiki ne saboda kusan kowace mota tana da inshorar gaske, wanda aka yi ƙara yana da kamfanin da zai biya.

A yammacin Zamfara lissafin ya sha bamban, kuma ga mafi yawan masu mota amsar ita ce a'a, tukuna.

Dalili na farko yana cikin takardar wajibin kanta, wato inshorar ɓangare na uku. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiyar wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur Naira 3,000 ne, Keke Napep 5,000, babbar motar kaya kuwa 100,000. Waccan iyaka ta dukiya ce, rai da rauni lissafinsu daban. Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, yarjejeniyar inshorar mota ta yau da kullum ta riga ta ƙunshi kuɗin kare shi idan wanda ya yi wa ɓarna ya kai ƙara, muddin kamfanin ya amince a rubuce kafin a kashe kuɗin. Ashe rabin abin da ake son ya saya da ƙarin kuɗi yana hannunsa tun farko.

Sai dai wannan yarjejeniya tana da wani sharaɗi da ke cin karo da yadda ake rayuwa a nan. Ta hana mai mota amsa laifi, ko yin alkawarin biya, ba tare da izinin kamfanin ba. To, a duba yadda al'amarin yake tafiya. A ce direban Golf ya bugi ɗan kabu-kabu a mashigar Bakura. Kafin yamma shugabannin tasha sun hallara, dangin wanda aka buge sun zo, wani dattijo ya sa baki. Direba ya ce ƙaddara ce, amma laifinsa ne, zai ɗauki kuɗin mai ɗori da gyaran babur. A rubuta a gaban shaidu, a yi addu'a, a watse. Wannan sulhu alheri ne, ya fi shekara biyu ana zaryar kotu, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina shi. Amma a idon kamfanin inshora, direban ya saɓa yarjejeniya tun a daren farko. Idan ya je neman a mayar masa da abin da ya kashe, kamfanin yana da hujjar juya masa baya, ko da ya biya kuɗin lauya ninki biyu.

Dalili na biyu ya fi muni: takardun bogi. Shekaru da dama ana haɗa wa mutane takardar inshora tare da sauran takardun mota ta hannun 'yan tsakiya, ba tare da kuɗin ya isa wani kamfani ba. Irin wannan takarda tana iya wuce shingen bincike, amma ranar haɗari babu wanda za a kira. Duba sahihancinta ba ya cin minti biyar. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai na NIID, ana latsa *565*11# a waya, a sa lambar mota. Wanda motarsa ba ta fito ba, maganar ƙarin lauya ba tasa ba ce, Naira 15,000 ɗinsa ya kamata ya fara bi.

Inda giɓin yake da gaske shi ne lokacin da mai mota ne aka yi wa ɓarna. Inshorar ɓangare na uku ba ta gyara motarsa, ba ta kuma ɗaukar masa lauya ya bi haƙƙinsa. Idan tirelar wani kamfani daga Legas ko Kano ta murƙushe motar hayar da iyali guda ke ci da ita a Maradun, mai ita zai fuskanci lauyoyin kamfani da aljihun da babu komai. A nan kariyar lauya tana da amfani. Duk da haka akwai ƙofofin da ba a ƙwanƙwasa su sosai. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, dokarta ta ba ta ikon tsaya wa marasa ƙarfi a ƙarar neman diyyar haɗari. Kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda aka faɗaɗa huruminsu a jihar tun shekarar 2000 zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, mutum yana iya tsayawa gabansu ya yi bayani da bakinsa, da Hausa.

Masu ƙyamar inshora saboda addini kuwa suna da takaful, wanda kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suke gudanarwa da lasisin NAICOM. Tunanin ma ba baƙo ba ne ga almajirin fiƙihu: a kisan kuskure, dangin mai laifi ne suke haɗa diyya, ba shi kaɗai ba.

Wannan tunani na haɗa ƙarfi shi ne ya fi dacewa da direban haya. Reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW a kowace tasha yana karɓar kuɗi kullum daga kowace motar da ta yi lodi. Ware ɗan kaso daga ciki a riƙe lauya guda da zai tsaya wa 'yan tashoshin Mafara da Bakura da Maradun ya fi araha nesa ba kusa ba a kan kowa ya sayi nasa, kuma lauyan zai san alƙalan yankin da hanyoyinsa. Mai motoci da yawa da ke zirga-zirga tsakanin jihohi shi ne zai iya cin ribar ƙarin na kansa, shi ma bayan ya ga a rubuce nawa ne iyakar kuɗin, wa ke zaɓar lauya, kuma ko ya haɗa da kotun shari'ar Musulunci.

Nauyi mafi girma yana kan NAICOM da kamfanonin. Tunda an tilasta wa talaka biya, a fassara masa sharuɗɗan da Hausa, a ba shi lambar wayar da za a ɗauka da daddare, a kuma fitar da tsarin da wakilin kamfani zai shiga zaman sulhu, ko ta waya ce, ya amince da abin da aka yanke. Kafin a kai ga hakan, direban da tsautsayi ya faɗa wa a hanyar Mafara ya ɗauki hotunan wurin, ya samu rahoton 'yan sanda, ya kira kamfaninsa, sannan ya zauna da dattawa.