Sankara Ba Ta Tambayar Takardar Asali

'Yan'uwa mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu, cutar sankara ba ta zaɓen ƙabila, amma talaka take fara kayarwa. Mai hali yakan je gwaji tun da wuri. Mu kuwa sai ciwo ya ci jiki, sannan a yi karo-karo a mayar da mutum gida Arewa.

Mu ne a bakin titi da kasuwa muna shaƙar hayaƙi. A 2016 baƙar toka ta fara lulluɓe Fatakwal, kuma a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Anacha cikin biranen da iskarsu ta fi gurɓata.

Gyara iska aikin hukuma ne, amma akwai rigakafin da yake hannunmu. A 2020 sankarar bakin mahaifa ta kashe mata kusan 8,000 a Nijeriya. A Oktoban 2023 aka fara allurar HPV ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Inugu tana rukunin farko, Ribas da Anambra suka biyo baya a Mayun 2024. Allura ɗaya ce, kuma kyauta. Wadda take makaranta an same ta a aji. To, wadda take talla fa?

Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Don haka muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai su sanar a masallatai, iyaye kuma su kai 'ya'yansu cibiyar lafiya mafi kusa su tambaya. Haƙƙinmu ne, ba alfarma ba.

Allah ya ba mu lafiya.