An Faɗaɗa Zangon Iska, An Bar Mutanen Zango a Baya

Gidan rediyo da talabijin na ƙasa, GBC, yana unguwar Kanda a Ankara, babban birninmu, kuma tsakaninsa da Nima tafiyar ƙafa ce. Duk da wannan maƙwabtaka, mai zaman Nima zai iya wuni gaban akwatinsa yana sauya tashoshi, da ƙyar ya tsinci 'yan mintocin da aka yi masa magana da harshen da yake ciniki da shi, yake sauraron wa'azi da shi, yake rarrashin ɗansa da shi. An daɗe ana ce mana lokacin iska ne ya yi kaɗan. Zuwan dijital ya kashe wannan uzuri, saboda haka muna da hujjar tambaya.

A shekarar 2006 aka ƙulla yarjejeniya a Jeneba ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, aka tsayar da 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsarin analog. Gana ba ta cika wa'adin ba. A 2015 gwamnati ta ba kamfanin K-NET kwangilar gina dandali guda na ƙasa mai tashoshin watsawa 42, bisa tsarin DVB-T2. A da, kowane gidan talabijin yana da turakunsa da injiniyoyinsa. Yanzu kowa yana aika shirinsa zuwa cibiya ɗaya a Ankara, can a matse su, a ɗaure su dami guda, a tura wa turakun. Zangon iskar da yake ɗaukar tasha ɗaya a zamanin analog yanzu yana iya ɗaukar kusan ashirin. A cikin gidajen talabijin ɗin ma aiki ya sauya. Inda ma'aikaci yake zaune yana sa kaset yana cirewa, yau kwamfuta ce ake loda wa jadawalin kwanaki, ita ke sakin shiri, ta saki talla, ta ɗora tambarin tasha, daidai da daƙiƙar da aka rubuta mata.

Ba mu ƙi wannan ci gaba ba. Hoto ya fi kyau, kuɗin wuta da na gyara sun ragu, ƙaramin gidan talabijin yana iya kai wa Bolgatanga ba tare da ya kafa turke ko ɗaya ba. Gardamarmu a kan ƙofar take: idan duk abin da ƙasa za ta kalla sai ya bi ta ƙofa ɗaya, wa ke riƙe da mabuɗin, kuma wa ya zauna a ɗakin ranar da aka rubuta jadawali?

Wanda yake ganin tambayar ta yi tsauri ya tuna da 2020. A watan Yuni na shekarar, Ministar Sadarwa Ursula Owusu-Ekuful ta umarci GBC ta rage tashoshinta a kan dandalin daga shida zuwa uku, bisa hujjar cewa wuri ya cika. Hukumar Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, NMC, ta ƙi amincewa, domin kundin tsarin mulki na 1992 ya ɗora mata kare kafafen gwamnati daga katsalandan ɗin masu mulki. Sai da Shugaba Akufo-Addo ya dakatar da umarnin a watan Yuli kafin ƙura ta lafa. Takarda guda daga ofis guda ta kusa shafe rabin tashoshin gidan da ya fara watsa shirye-shirye tun 1935. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Idan GBC da girmanta sai da shugaban ƙasa ya ceto ta, ina ga shirin Hausa na rabin awa, wanda ba shi da minista, ba shi da babban mai talla?

Hausa ba baƙuwa ba ce a iskar ƙasar nan. Tana cikin harsuna shida da GBC ta daɗe tana aiki da su, tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagbani. Kafin a haifi rediyo ma, fataken goro sun yi ciniki da ita a kasuwar Salaga, Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya yi rubuce-rubuce da ita har rasuwarsa a 1934. Amma matsayinta yana da rauni guda. Ba ta cikin harsunan da Ofishin Harsunan Gana yake bugawa da kuɗin gwamnati, kuma ba ta da jihar da za a ce tata ce. In an ware lokaci don yanki, Kumasi za ta ɗauki Twi, Tamale ta ɗauki Dagbani, Ho ta ɗauki Ewe. In an tsara na ƙasa baki ɗaya, Turanci da Twi ne a gaba. Mu kuwa muna Nima da Maamobi da Sabon Zango, muna Aboabo da Ashaiman, muna kowane gari amma babu taswirar da ta nuna mu. Tsarin da aka gina bisa taswirar jihohi zai tsallake mu ko da babu mai mugun nufi.

Na'ura mai sarrafa kanta tana ƙara wa wannan rauni nauyi. Kwamfuta tana sakin abin da aka ajiye mata ne kawai. Shirin da ba a mayar da shi fayil ba, ba a yi masa suna da lamba a rumbu ba, a wurinta babu shi. Idan aka sami giɓin minti ashirin da tsakar dare, za ta cike shi da abin da ya fi yawa a rumbun, kuma kowa ya san wane harshe ya fi yawa a can. Ma'aikacin da yake zaune kan na'ura a da ana iya isa gare shi, a gaya masa babban malami ya rasu, a nemi ya saka sanarwa kafin jana'iza, ga shi mu ba ma jinkirta gawa. Jadawalin da aka kulle tun mako guda bai san jana'izar la'asar ba. Ganin watan Sallah ma ba ya jiran abin da aka loda.

Za a ce mana: ba ga tauraron ɗan'adam nan ba, ku kalli Arewa24, ku kalli finafinan Kano, ku saurari BBC Hausa a wayoyinku. Muna kallo, muna saurare, muna kuma jin daɗi. Sai dai tashar Kano ba za ta bayyana wa tsohuwar Maamobi yadda ake sabunta katin inshorar lafiya ba. Ba za ta fassara mata kasafin kuɗin da aka karanta a majalisarmu ba, ba za ta gaya mata ranar rajistar masu zaɓe ba. Hausarmu ma tana da nata ɗanɗano, ta sha ruwan Twi da Ga da Turancin gaɓar teku, kuma yaron da bai taɓa jin ta a allon ƙasarsa ba zai taso yana ganin harshen gidansu na lungu ne. Wanda ya tura mu tashar wata ƙasa don mu ji labari, ya maimaita tsohon zargin nan ne cewa mutanen zango baƙi ne. Da harajinmu aka gina turakun nan 42.

Za a kuma ce babu kuɗi. To, fasahar da aka saya da kuɗin jama'a ita ce amsa. Tasha ɗaya ta dijital tana iya ɗaukar layin murya fiye da ɗaya a kan hoto guda, mai kallo ya zaɓa da rimot. Layin murya ɗan wuri kaɗan yake ci idan aka gwada shi da hoto. Ana iya watsa labaran dare da Turanci, mai fassara yana ƙaramin ɗaki yana zuba Hausa a layi na biyu. Abin da ake buƙata shi ne albashin mai fassara da shawarar mai iko.

Saboda haka buƙatunmu a fili suke. A rubuta sa'o'in Hausa cikin jadawalin GBC a matsayin haƙƙi, a lokacin da mutane ke gida, yadda wasan ƙwallo ko talla ba za su ture su ba. A buɗe layin murya na Hausa ga labarai, zaman majalisa da sanarwar lafiya. A kwashe tsofaffin shirye-shiryen Hausa daga kaset zuwa rumbun kwamfuta kafin zafi da danshi su cinye su. A bar ƙofar katse jadawali don sanarwar gaggawa ta al'umma. Rabon gurabe a kan dandalin kuma ya kasance a hannun hukuma mai zaman kanta, bisa ƙa'idar da kowa zai iya karantawa.

Akwai magana kuma ga namu. 'Yan majalisar da ƙuri'un zango suka kai Ankara, wace rana za ku ta da wannan batu a zaure? Sarakunan zango, ofishin Babban Limamin Ƙasa yana da ƙofar da ba a rufe wa a fadar gwamnati, ku bi ta nan da takarda a rubuce. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya san kwalbati da filin wasa, to ya san cewa horar da matasa kan haɗa shiri da sarrafa na'urar watsawa shi ma raya zango ne. Attajiranmu da ke kashe dukiya a bikin kwana uku, shirin da ba shi da talla shi ake fara yankewa, tallarku ce katangarsa. Matasanmu kuma, gaban kyamara yana da daɗi, amma hukunci a ɗakin jadawali ake yanke shi, ku nemi kujera a can.

Jadawalin da aka loda wa na'ura ba ya gyara kansa, zai yi ta maimaita abin da aka ba shi shekara da shekaru. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Mu kai buƙatunmu ga GBC da NMC a rubuce, da sa hannun zangunan Ankara, Kumasi, Tamale da sauransu, mu kuma nemi amsa a rubuce. Allah ya ba mu haɗin kai.