Muna Musu a Kan Takobin Wasu

Duk daren Asabar a Dakata, bayan mun rufe kwamfutocinmu, mukan haɗu mu shida a kan tabarma da ƙwayar lido mai fuska 20, mu buga Dungeons & Dragons. Kwanan nan musu ya fi wasan yawa. Tambayar ɗaya ce: idan kamfanin Wizards of the Coast ya sake fitar da sabon bugu, me zai yi da sihirin faladin, wato jarumin da ya yi rantsuwa ya kuma samu ƙarfi daga rantsuwar?

Musun yana da tushe. A littafin 2014, faladin yana iya ƙara wa takobinsa ƙarfin da suke kira Divine Smite a duk saran da ya samu abokin gaba. A littafin 2024 aka mayar da shi sihiri kamar sauran, sau ɗaya kawai a kowane zagaye. Wasunmu har yau ba su huce ba. Wasu na hasashen za a dawo da tsohon tsari, wasu na cewa za a ƙara dakushe shi.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya: wannan hasashe ɓata dare ne. Babu wanda zai tambayi Dakata kafin ya buga littafin. Faladin kuma asalinsa fadawan Sarki Shalaman ne na Turai, ya shigo wasan a 1975. Muna ta gyaran sirdin dokin da ba namu ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda aka gina shi. Mu masu rubuta manhaja mun san lissafi idan mun gan shi. An ɗauki imani an mayar da shi batir: kana da gurbi kaza, ka kashe su a faɗa, ka yi barci su cika. Ranar da wani ya ɗauki wannan tsari ya naɗa masa rawani ya ce ga jarumin Hausa, addu'a ce za ta zama harsashi. Babu mahaifin da zai bar ɗansa ya zauna a wannan tabarma, kuma yana da gaskiya.

To sai mu haƙura da wasan? A'a. Muna da kayan da suka fi dacewa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Har yau muna ganin 'yan lifidi a hawan sallah. Muna da 'yan tauri da labaran maganin ƙarfe, da baduhu, da layar zana. Ko mutum ya yarda da su ko bai yarda ba, kowa ya san yadda labarin yake tafiya: magani yana zuwa da sharaɗi, ka karya sharaɗin, wuƙa ta kama ka. Wannan ƙa'idar wasa ce cikakkiya. Ƙarfin jarumi ya rataya a kan alkawarin da ya riƙe, ɗan wasa kuma ya zaɓi tsakanin cin nasara yau da tsare amanarsa. Addu'a da sunayen bayin Allah kuwa mu bar su a wajen allon wasa, domin ba abin jefa ƙwaya ba ne.

Za a ce ba mu da iko. A Janairun 2023 kamfanin ya saki ginshiƙin dokokin wasan a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kowa na iya gini a kai. Za a ce ba mu da kayan aiki. Masana'antun da ke zuba buta da bokiti a Sharada da Bompai ba za su gagara zuba ƙwaya ba, majemun Challawa kuma suna da fatar da za a yi allo. Abin da babu shi ne wanda zai zauna ya rubuta shafi 30 da Hausa, ya gwada da ƙannensa, ya gyara.

Mu ne ya kamata mu rubuta. Asabar mai zuwa duk wanda ya zo da sabon hasashe a kan faladin, shi zai sayi shayi. Sauranmu mu zo da biro da takarda.