Darasin Obasanjo da Biya ga Abuja da Yamai

Duk lokacin da shugabanni biyu suka gana, abin da jama'a kan gani shi ne musabaha a gaban 'yan jarida da takardar bayan taro mai cike da alƙawura. Mu a nan mun sha ganin irin waɗannan takardu sun ƙare a cikin durowa. Amma akwai ganawar da ta haifi ɗa mai ido, kuma ya dace mu waiwaye ta.

A ranar 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya ta yanke hukuncin cewa yankin Bakassi na Kamaru ne, bayan an sha artabu tsakanin sojojin ƙasashen biyu. Rai ya ɓaci a Nijeriya, wasu har suna kiran a yi watsi da hukuncin. Maimakon haka, Shugaba Olusegun Obasanjo ya zauna da Shugaba Paul Biya a Geneva cikin Nuwamban wannan shekara, bisa jagorancin Kofi Annan, inda suka kafa hukumar haɗin gwiwa da za ta bi iyakar daki-daki. A 2003 Nijeriya ta miƙa ƙauyuka sama da 30 a yankin Tafkin Chadi. A ranar 12 ga Yunin 2006 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, sannan a Agustan 2008, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka kammala miƙa Bakassi.

Ba mu ce an yi wa kowa adalci ba. Masunta da dama sun rasa matsuguni, kuma an daɗe ana jin kokensu. Sai dai an kauce wa yaƙi, kuma da Boko Haram ta addabi Borno da arewacin Kamaru, ƙofar magana a buɗe take. A ganinmu, abin da ya sa aka yi nasara shi ne shugabannin sun zauna da kansu ba sau ɗaya ba, kuma sun ɗora wa wata hukuma alhakin bin diddigin abin da suka amince.

Wannan darasi ne ga Nijeriya da Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an rufe iyaka, an yanke wutar lantarki, 'yan kasuwar Jibiya da Maraɗi, da na Illela da Ƙwanni, suka ɗanɗana kuɗarsu. Nijeriya ta buɗe iyakarta a Maris ɗin 2024, amma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Jihohinmu bakwai, daga Kabi har Borno, suna maƙwabtaka da Nijar, kuma 'yan bindiga ba sa neman izinin jami'in shige-da-fice kafin su ƙetara. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Hafsoshin soja da ministocin waje sun kai ziyara Yamai a 2024 da 2025, mun kuma yaba. Amma saƙon ɗan aike ba ya maye gurbin zaman masu gida. Tun 1971 ƙasashen biyu suke da hukumar haɗin gwiwa mai hedkwata a Yamai. Muna kira ga shugabannin biyu da su zauna ido da ido, su ba wannan hukuma aiki takamaimai kan sintirin iyaka da musayar bayanan sirri, tare da wa'adin da jama'a za su iya tuhumar su a kai. Allah Ya sa su ji.