Shekara Bakwai Ba Aya Ba Ce

A nan Junju, da Karakara, da Zabori, har can Gaya, akwai maganar da kowa ke faɗa kamar daga allo ya karanto ta: wai in aure ya mutu, yaro na hannun uwa sai ya shekara bakwai, daga nan uba ya zo ya ɗauki abinsa. Ka tambayi dalili, a ce maka addini ne. Ba addini ba ne. Al'ada ce muka naɗa wa rawani.

Mazhabar Imamu Malik da muke bi, abin da ta tanada daban ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bar wa uwa renon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta auri wani, reno ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan inna 'yar'uwar uwa. Uba fa? Nasa ne ciyarwa da sutura da sa ido kan tarbiyya. Ba a kore shi ba, amma ba a ba shi izinin ƙwace ba. Abin takaici, mutumin da ya yi shekaru bai aiko da tiya ɗaya ta hatsi ba, bai san ranar da aka yaye yaron ba, shi ne zai tuna da haƙƙinsa ranar da yaron ya isa aike da kiwon awaki.

Mu da ke riƙe da alli mun san me shekara bakwai ke nufi. Lokacin ne yaro ke ajin CI ko CP, ya fara haɗa baƙi da wasali, hannunsa ya fara sabawa da rubutu. Sai wata safiya a kira suna, shiru. 'Yan ajin su ce, "Mushe, babansa ya zo ya tafi da shi." Babu sallama, babu takardar canjin makaranta, takardar haihuwa ma tana ƙasan akwatin uwa, ta rantse ba za ta bayar ba. In an yi sa'a, a sa shi wata lakkol ya koma baya. In uban a Kamba ko Kangiwa yake nema, yaron da ya fara da Faransanci ya tarar da Ingilishi, ya zauna kamar kurma. Sau da yawa ma karatun ya ƙare ke nan. Yarinya kuwa, tiren talla na jiranta. Ba na cewa kowace kishiyar uwa muguwa ce; na ga waɗanda suka riƙe ɗan miji fiye da nasu. Amma ba da shawararta aka kawo yaron ba, kuma ba ita ya kwana yana kira ba.

Ga iyaka kuma. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka sake rufewa, gadar Gaya da Malanbil ita ma ta rufe. Mai kuɗi da mai babur sun san hanyarsu. Bazawarar da ke zaune gidan ubanta, da wane kuɗin za ta bi daji ko ta hau kwalekwale don ta ga ɗanta?

Dangin uwa, ku ma kada ku yi murna. Matar da uba zai zo da goro da sabulu ta ɓoye yaro a ɗaka, ta koya masa cewa ubansa ba mutum ba ne, ita ma zalunci take yi. Haushin miji daban, uban ɗa daban. Ba a raba hanta da jini.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali. An gwada a 1993, an sake gwadawa a 2011, duka suka ci tura. Don haka alƙali al'adar masu ƙara yake bi, da taimakon masana al'ada da ke zama tare da shi, galibin rigingimun ma a fadar sarki ko zauren liman suke ƙarewa. Amma ƙasar nan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, kuma sashe na 9 ya ba yaro haƙƙin ci gaba da hulɗa da iyayensa biyu in sun rabu. Wannan bai saɓa wa Risala ba ko kaɗan.

Abin da nake nema bai kai a jira majalisa ba. Ranar da aka tabbatar da saki, a rubuta: wa ke riƙon yaro, jaka nawa ko tiya nawa uba zai kawo duk wata, ina yaro zai yi sallah da hutu, wa zai kai shi ya maido shi. Kowane ɓangare ya riƙe kwafin takardar haihuwa. In dole sai yaro ya sauya gida, a bari sai babban hutu, ya shiga sabuwar makaranta a Oktoba tare da 'yan'uwansa. Mai cewa wannan tsarin Turawa ne, shin gonarsa da ya saya bai sa an rubuta ba? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. Abincin ɗanka bashi ne a wuyanka.

Mu malamai kuma mu daina jan layi kan sunan yaro mu wuce. Darakta ya kira shugaban ƙungiyar iyayen yara, su je wajen mai gari, a nemo inda aka kai shi, a aika wa makarantar can takardunsa da ajin da ya tsaya.