An Mai Da Wuta Filin Wasa: Raddi Ga Masu Cewa Akwai Hikima A Gem Ɗin Dante

'Yan uwa matasa, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu sharhin wasannin bidiyo na Turai da Amurka, yanzu kuma ga shi ta fara shiga bakin wasu samarinmu masu zaman shagon gem da masu kwana a kan waya. Maganar ita ce wai idan kamfani ya ɗauki wani tsohon littafi da Turawa ke tinƙaho da shi, ya juye shi ya zama gem, ya cika shi da jini da gawarwaki da mahaukata da dodanni, to wai ya yi aikin fasaha mai zurfi, wai ya tono abin da marubucin ya binne. Har ka ji yaro yana ce maka ai shi karatun adabi yake yi da yatsunsa. To, tunda abin ya kai ga haka, ya zama wajibi mu baje wannan da'awa a faifai, mu sheƙe ta, mu ga ko tsaba ce ko ƙaiƙayi.

Misalan suna da yawa. A 1865 Lewis Carroll ya rubuta wa yara labarin wata yarinya mai suna Alice. A shekarar 2000 sai kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fitar da gem ɗin American McGee's Alice, inda aka ƙone iyayen yarinyar a gobara, aka kai ta gidan mahaukata, aka danƙa mata wuƙa a hannu. A 2023 kuma kamfanin Neowiz na Koriya ta Kudu ya fitar da Lies of P, wanda ya ɗauki labarin Pinocchio, ɗan mutum-mutumin icen nan na Carlo Collodi da ya fito a littafi a 1883, ya mai da shi mayaƙi mai ratsa birnin da gawa ta cika. Amma wanda ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne Dante's Inferno, wanda Electronic Arts ɗin dai ya fitar a watan Fabrairu 2010, domin shi wannan da Lahira ya yi wasa.

Bari mu fara da littafin, don kada a ce mun yi hukunci ba mu ji ta bakin mai shi ba. Dante Alighieri mawaƙi ne ɗan Italiya, an haife shi a birnin Florence a 1265, rikicin siyasa ya sa aka kore shi daga garinsu a 1302, ya mutu yana gudun hijira a 1321. A zaman hijirar nan ne ya tsara doguwar waƙarsa mai babi 100, wadda a cikinta ya riya cewa ya ziyarci Wuta da wurin tsarkake zunubi da Aljanna, bisa aƙidarsu ta Kirista. Babi 34 na farko su ne na Wuta.

Mu Musulmi muna da babbar rigima da wannan littafi, kuma babu dalilin ɓoye ta. A babi na 28 mutumin nan ya yi wa Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Aliyu rashin kunyar da alƙalamin mumini ba zai iya maimaitawa ba. Allah wadan wannan ƙazamin ƙage. Abin mamaki kuma, a babi na 4 ya kasa musun darajar Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin al-Ayyubi, sai ya ajiye su a bakin Wutar tasa tare da manyan masana na da. Bilhasali ma, a 1919 wani limamin coci ɗan Sifen mai suna Miguel Asín Palacios ya rubuta littafi guda yana kafa hujjar cewa daga ruwayoyin Isra'i da Mi'iraji Dante ya ɗebo tsarin tafiyar tasa, maganar da masanansu suka daɗe suna jayayya a kanta. Saboda haka babu wanda zai ce kare Dante muke yi. Abin da muke cewa shi ne, ko da mizanin masu littafin aka auna, gem ɗin nan ya cinye naman ya bar musu fata.

Ga dalili. Dante ya gina Wutarsa hawa tara, kuma kowace azaba ta dace da laifin mai ita. Waɗanda sha'awa ta yi ta kaɗawa a duniya, guguwa ce ke kaɗa su ba tsayawa. Bokaye masu da'awar ganin gobe, an murɗe musu wuya fuskarsu na kallon baya. Maciya amana suna can ƙasan ƙasa daskare cikin ƙanƙara. Har Paparoma ya jefa a ciki saboda cinikin muƙaman coci, wato yana yi wa masu mulkin zamaninsa tonon silili. Shi kuwa matafiyin babu makami a hannunsa, ba shi da ikon fitar da kowa, ba shi da ikon yanke wa kowa hukunci. Nasa shi ne ya gani, ya tambaya, ya tsorata. A babi na 5, da ya ji labarin wata mata da zina ta halaka, tausayi ya kama shi har ya faɗi sumamme.

To, me kamfanin ya yi da wannan? Ya tuɓe wa mawaƙin rigarsa ya sa masa sulke, ya mai da shi sojan yaƙin Salibiyya na uku, yaƙin da aka gama a 1192, shekara 73 kafin a haifi Dante. Ya sa shi ya ɗinke gicciye a fatar ƙirjinsa. Tun a farkon wasan ya sa shi ya yi faɗa da wani dodo da suka ce wai shi ne Mutuwa, ya kayar da shi ya ƙwace laujensa. Beatrice, wadda a littafin ita ce ta aiko a cece shi, daga baya ta yi masa jagora a Aljanna, an mai da ita ganimar da Iblis ya sace, ana ta nuna tsiraicinta, jarumi na bin sawu zai ƙwato. Duk wanda ya taɓa buga God of War na 2005 ya san daga inda aka kwafo salon faɗan, kuma masu sharhinsu ma sun faɗi haka tun a lokacin.

Daɗin daɗawa, ga inda ɓarnar ta fi muni. A cikin gem ɗin, idan ka tarar da wani daga cikin 'yan Wuta, sai a ba ka zaɓi: ko ka yafe masa ya tafi sama, ko ka ƙara masa azaba. Kowanne ka zaɓa akwai makin da za a ba ka. Rayukan da ka tara kuwa su ne kuɗin da za ka sayi sabon salon sara da suka. Wal iyazu billahi! Yaro ɗan shekara goma sha biyar yana zaune a kan benci, ya biya kuɗin awa ɗaya, an ɗora shi a kujerar hukunci yana raba gafara da azaba da babban yatsansa. Akwai ma lambar yabo ta musamman ga wanda ya karkashe jariran da suka ajiye a hawan farko, abin da ya sa wata ƙungiyar masu renon yara ta yi tir da shi tun kafin ya fito kasuwa. Ina zurfin yake a nan, jama'a? Littafin yana son mai karatu ya ji tsoro ya duba kansa. Gem ɗin yana son mai bugawa ya ji shi ne gwarzon da Wuta ke tsoro. In ma an kashe ka, danna maɓalli kawai za ka yi ka dawo inda ka tsaya, alhali babban abin firgici game da Wuta shi ne babu dawowa gyara aiki.

Masu kare gem ɗin suna da hujja guda wadda ya kamata a saurara. Sukan ce ai ya tona asirin 'yan Salibiyya, domin ya nuna jarumin yana yanka fursunoni Musulmi a Akka bayan wani bishop ya yi musu alƙawarin cewa an yafe musu zunubansu, sannan ya nuna alƙawarin ƙarya ne. Gaskiya ne an yi wannan ta'asa a tarihi. A watan Agusta 1191 Sarki Richard na Ingila ya sa aka yanka fursunoni Musulmi kimanin 2,700 a wajen birnin Akka. To amma mu tambaya: yaya tuban jarumin ya kasance? Mutumin da laifinsa zubar da jini ne, sai aka ce hanyar tsirarsa ita ce ya ƙara sa'o'i yana sara da datsa, ana tafa masa. Wane mai hankali ne zai ce a wanke najasa da fitsari?

In kana son sanin niyyar mai kaya, dubi yadda ya yi tallarsa. A watan Yuni 2009, a wajen babban bajekolin wasannin bidiyo na E3 a Los Angeles, an ga wasu mutane ɗauke da kwalaye suna zanga-zangar cewa gem ɗin saɓo ne. Daga baya kamfanin ya amsa cewa 'yan haya ne, tallar ce aka shirya haka. A shekarar dai ya aika wa wasu 'yan jaridar wasanni cakin Dala 200, wai gwajin kwaɗayi. Wanda ya yi hayar masu fushin ƙarya da sunan addini don kayansa su shiga, shi ne za a ce mana ya damu da makomar rai? Duhun nan ado ne na kasuwa, kamar yadda mai tsire ke barbaɗa yaji don a ji ƙamshi daga nesa.

Wani abin da masu wannan da'awa ba su sani ba shi ne tsofaffin littattafan ba su jira kowa ya koya musu duhu ba. A labarin Collodi na asali, Pinocchio ya jefi gyaren da ke yi masa nasiha da guduma ya kashe shi, kuma da farko marubucin ya rufe labarin ne a inda aka rataye shi a bishiya, sai daga baya ya ci gaba. Amma duk wannan yana tafiya ne zuwa ga darasi guda, wato makomar yaron da ya ƙi makaranta, ya ƙi jin maganar mahaifinsa, ya bi 'yan damfara. Rijiya mai zurfi takan yi duhu, gaskiya ne. Amma ɗakin da aka kashe wa fitila shi ma duhu gare shi, kuma ko guga nawa ka zura ba za ka ɗebo ruwa ba.

Adalci ya sa mu ambaci wanda ya fi su ƙoƙari. A 2012 wani kamfanin Jamus mai suna Yager ya yi Spec Ops: The Line, wanda ya ɗauko daga littafin Joseph Conrad na 1899, Heart of Darkness, ya ɗauke labarin daga Kongo ya kai shi Dubai. A tsakiyar wasan ana sa ka harba sinadarin nan mai ƙona nama har ƙashi, irin wanda sojan Amurka suka amsa cewa sun yi amfani da shi a Falluja ta Iraƙi a 2004, sannan a tilasta maka ka taka da ƙafa ka ga cewa fararen hula 47 ka ƙone, har da uwa rungume da ɗiyarta. Wannan kam ya juyo da tuhuma kan mai riƙe da madannai, kuma a nan akwai abin da za a kira tunani. Amma ku lura da abu biyu. Na farko, bai samu kasuwar da masu shi suka yi tsammani ba, kuma a Janairu 2024 aka janye shi daga shagunan intanet. Na biyu, ciwon da Chinua Achebe ya nuna a littafin Conrad tun a laccarsa ta 1975, cewa an mai da Afirka da mutanenta shimfiɗa kawai don a nuna yadda hankalin Bature ɗaya ya gushe, shi ne dai a gem ɗin. Mutanen da aka ƙone ba su da suna. Abin da aka damu da shi shi ne halin da zuciyar sojan Amurka ta shiga. In mafi kyawunsu ke nan, to ina ga sauran?

Kada wani ya ɗauka cewa juya tsohon labari laifi ne. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya zuba su a Magana Jari Ce tun a shekarun 1930, ya sa musu rigar Hausa, har yau ana karantawa ana ƙaruwa, domin ya fahimci abin da labarin ke nufi kafin ya taɓa shi. Kuma in bayanin Wuta da hisabi ake nema wanda zai ratsa jiki, ai gida bai ƙoshi ba balle a kai wa dawa. Ga waƙoƙin wa'azi na Nana Asma'u 'yar Shehu, ga Gangar Wa'azu, ga Infiraji na Aliyu Namangi, waɗanda iyayenmu ke saurara hawaye na zuba. Su ma sun siffanta azaba filla-filla, amma wanda ya saurara yakan tashi yana istigfari. Samari nawa ne cikinmu suka san hawa tara na gem ɗin Dante, amma ba su taɓa zama sun saurari ɗaya daga cikin waɗannan har ƙarshe ba?

Saboda haka, ya kai ɗan uwa, hukuncin halas da haram na wasa wannan na malamai ne, je ka tambaye su. Amma duk ranar da wani ya ce maka gem kaza yana da zurfi, yi masa tambaya uku. Shin duhun da ke ciki yana kai mutum ga wani darasi, ko kuwa don a ja ido aka zuba shi? Shin abin da hannunka ke aikatawa a wasan ya dace da darasin da ake riyawa, ko yana ƙaryata shi? Sannan da ka ajiye madannai ka miƙe, zuciyarka ta ƙara laushi ne ko ta ƙara bushewa? Duk wanda ya kasa amsa ukun nan, to kuɗinka da lokacinka kawai ya ci, ya kuma rage maka tsoron abin da ya wajaba ka ji tsoro. Zuciyar da ta saba ganin Wuta a matsayin matakin da ake ƙetarewa da gwaninta, da wuya ta girgiza ranar da liman ya ambace ta a kan mumbari.

Allah Ya tsare mu da azabar Wuta, Ya raya zukatanmu, Ya sa mu gane gaskiya mu bi ta, mu gane ƙarya mu guje mata. Wassalamu alaikum.