Kafin A Ɗauki Iyali A Sabuwar Mota



Da wuya wata ya wuce a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ba mu ga an kawo mota ƙofar masallaci bayan La'asar ba, tana sheƙi, mai ita yana karɓar barka. Liman ya yi addu'a, a raba goro da dabino, yara su kewaye ta suna leƙa fuskokinsu a madubi. Muna taya kowa murna, Allah Ya tsare sharrin ƙarfe.

Sai dai mafi yawan motocin da muke kira sababbi a wurinmu kaɗai suke sababbi. Su ne waɗanda ake ce wa hom-yus, da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema bayan sun yi shekaru a hannun wani a Amurka ko Kanada ko Jamus ko Koriya. Wasu an sayo su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan haɗari ko ambaliya, aka buga su aka fesa musu fenti. Gwanayen Suame Magazin kuwa, in suka gama da mota, ko wanda ya ƙera ta sai ya duba sau biyu. Ashe ke nan mai gida ya shigo da baƙuwar da bai san tarihinta ba, yana kuma shirin damƙa mata matarsa da 'ya'yansa.

Farkon bincike asalinta ne. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. A gwada ta da wadda ke takardar kwastan harafi da harafi. In ɗaya ya saɓa, a mayar da kuɗi aljihu. A watan Disamba na 2022 hukumar EOCO, tare da jami'an Amurka da Kanada, ta kwashe motoci fiye da 30 daga wuraren sayar da motoci a Ankara, bisa zargin cewa sato su aka yi daga waɗancan ƙasashe. Wanda ya sayi irin wannan mota da kuɗin guminsa, ranar da aka zo karɓa ba a tambayarsa niyyarsa.

Sannan sauya suna a ofishin DVLA. A nan ne sakacinmu ya fi yawa, domin muna ganin rasit da shaidu biyu sun wadatar, musamman in mai sayarwa ɗan unguwa ne. Mun taɓa ganin shari'ar da aka kawo zauren mahaifinmu: wani bawan Allah ya sayi mota hannun amininsa, ya biya tsaf, ya yi shekara uku yana tuƙa ta da sunan aminin. Da aminin ya rasu, magada suka ga takardu, suka lissafa ta cikin gado. Shaidun nan biyu, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗaya ya koma Yamai. An daidaita daga baya, amma gidajen biyu har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Ita ma inshora a tabbatar da ita, domin akwai ta jabu. Tun 2020 hukumar inshora ta ƙasa take da rumbun da ake duba lambar mota ta wayar salula.

In takardu sun kammala, sai a kai ta wurin bakanike mai amana a juye mata baƙin mai da man birki, a duba takalman birki, ko da dillali ya rantse jiya aka yi. Amma akwai abubuwa uku da mai mota zai duba da idonsa.

Na ɗaya fitilar jakar iska, wato buhun nan da ke kumbura ya tare ƙirjin mutum lokacin karo. In an murɗa makulli, ya kamata fitilarta ta kama a allon direba, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. In ta ƙi mutuwa akwai matsala. In kuwa ba ta kama ba sam, abin ya fi muni, domin wataƙila jakar ta riga ta fashe a can ƙasar, aka rufe wurin, aka kashe fitilar.

Na biyu taya. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018, komai zurfin zanenta. Roba tana bushewa ko ba a taka ta ba. Wasu motocin kuma da tayar ƙanƙara suke zuwa, mai laushi, wadda aka yi domin sanyin Kanada, ba domin kwaltar Techiman da tsakar rana ba.

Na uku agogon gudu. Motar Amurka da mil take ƙirgawa a manyan alƙalumanta. Direba ya ga allura kan 60 ya ɗauka a hankali yake tafiya, alhali yana dab da kilomita 97 a awa, ya riga ya wuce 90 ɗin da doka ta ƙayyade a babbar hanya, balle 50 ta cikin gari.

Maganar ɓarayi ba za mu tsawaita ba, domin ita ce wadda kowa ya riga ya damu da ita: a sa na'urar bin sawu, a kwanar da mota inda akwai mai gadi da haske, kada a bar jaka ko waya kan kujera a Kejetia, kada kuma takardun asali su kwana a cikinta.

Abin da ya fi ɓarawo tayar mana da hankali lungunan Zango ne. An yanke su tun ba a yi tunanin mota ba, ga kwata, ga mai koko, ga yara masu dawowa daga makarantar allo. Yaro ɗan shekara biyu da ya tsuguna bayan doguwar mota, babu madubin da ke nuna shi. Kafin a ja baya, a sauko a zagaya ta, ko a sa babba ya tsaya ya riƙe yaran. A cikin motar ma wurin yara baya ne, da bel a ɗaure, an kuma danna ɗan makullin da ke bakin ƙofar baya wanda ke hana buɗewa daga ciki. Hajiya da ta rungume jariri a kujerar gaba tana ganin ta kare shi ne, alhali a karo babu hannun da ke iya riƙe shi, jakar iska kuma shi za ta fara samu.

Mun san da yawa za su so su kai sabuwar mota Tamale ko Bawku da Sallah, dangi su gani. Hanyar Kintampo ce za a bi, inda haɗarin bas na Fabrairun 2016 da na Maris ɗin 2019 kowannensu ya ci rayuka fiye da 50. Shawararmu ita ce a fara yin wata guda da motar a cikin gari, a san birkinta da halinta. In tafiyar ta zama dole, a tashi bayan Asuba, a huta a Techiman, a isa kafin Magariba.